KO WATA DABBA BAN DA KARE ZA TA IYA YI WA MAKAHO JAGORA?

Gabatarwa

A ko'ina cikin ƙasar nan, daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Kano zuwa Abuja, an saba ganin makaho yana tafe riƙe da ƙarshen sanda, yaro kuma yana gaba riƙe da ɗaya ƙarshen. Shi wannan yaro ɗan jagora ake ce masa, sau da yawa kuwa ɗan makahon ne, ko jikansa, ko ɗan wani dangi. A ƙasashen Turai da Amurka kare ne wanda aka horar yake yi wa waɗansu makafi wannan aiki. To, da yake mutane da yawa a ƙasar nan ba su saba zama da kare cikin ɗaki ba, waɗansu saboda addini, waɗansu saboda al'ada, waɗansu kuma don tsoro, sai akan yi tambaya: shin babu wata dabba dabam da za a iya horarwa ta yi wa makaho jagora? An shirya wannan ɗan littafi ne domin amsa wannan tambaya, da kuma bayyana wa jama'a abin da ya fi dacewa da halin da ƙasar nan take ciki.

Amsar a taƙaice ita ce, ban da kare, dabba ɗaya ce aka horar ta yi wannan aiki har dokar wata ƙasa ta san da zamanta, watau ƙaramin doki. Amma masu amfani da shi ƙalilan ne ƙwarai a duniya, kuma akwai dalilan da suka sa haka, waɗanda ya kamata mai karatu ya fahimta.

Dalilin Da Ya Sa Tambayar Take Da Muhimmanci

Tsakanin shekarar 2005 da 2007 an gudanar da babban bincike a kan makanta a dukan sassan Nijeriya. Binciken ya nuna cewa a cikin mutane 1,000 masu shekara 40 zuwa sama, wajen 42 makafi ne, watau jimlarsu ta kai mutum miliyan 1.13 a wancan lokaci. Yankin Arewa maso Gabas ne ya fi kowane yanki yawan masu wannan lalura. Mafi yawan waɗannan bayin Allah suna buƙatar fita kullum, zuwa masallaci ko coci, zuwa kasuwa, zuwa asibiti ko wurin sana'a.

Idan yaro ne yake yi wa makaho jagora daga safe har yamma, to, wannan yaro ba ya aji. Dokar Ilmin Bai Ɗaya ta 2004 kuwa ta wajabta wa kowane uba ko mariƙi ya sa ɗansa a makarantar firamare da ƙaramar sakandare. Saboda haka makanta ɗaya takan tauye mutum biyu: babba ya rasa 'yancin fita shi kaɗai, yaro kuma ya rasa ilmi. Wannan hoto na yaro yana jan makaho da sanda ya zama sananne ƙwarai a Afirka ta Yamma, har an sassaƙa mutum-mutuminsa a harabar Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba, domin tunawa da yaƙi da cutar makanta wadda ƙudan bakin rafi yake yaɗawa. Neman abin da zai maye gurbin ɗan jagora, ashe, nema ne na maslahar makaho da ta yaro gaba ɗaya.

Asalin Karen Jagora

An buɗe makarantar farko ta horar da karnukan jagora a garin Oldenburg na ƙasar Jamus cikin shekarar 1916, ƙarƙashin wani likita mai suna Gerhard Stalling, domin taimakon sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Farko. A 1929 Dorothy Eustis da Morris Frank suka kafa makarantar The Seeing Eye a Amurka, wadda har yanzu tana aiki. A Ingila an miƙa wa makafi karnuka huɗu na farko a 1931. A nahiyar Afirka kuwa, Gladys Evans ta kafa irin wannan ƙungiya a Afirka ta Kudu cikin 1953.

Horon yana da tsawo da tsada. Akan ba wani iyali ɗan kwikwiyo su rene shi wajen shekara guda, su saba masa da hayaniyar kasuwa da motoci da taron jama'a. Sa'an nan ya koma makaranta ya yi watanni yana koyon aiki a hannun gwanaye. Daga nan a haɗa shi da makahon da zai yi wa aiki, su yi makonni suna koyon tafiya tare. Ba kowane kare ne yake cin wannan jarrabawa ba, akan fitar da da yawa saboda tsoro, ko rawar kai, ko rashin lafiya. Wanda ya ci yakan soma aiki yana da kimanin shekara 2, ya yi shekara 7 ko 8 yana yi, sa'an nan ya tsufa a sake neman wani. A Amurka kuɗin da ake kashewa a kan kare ɗaya yakan kai dala 50,000, ƙungiyoyin agaji ne kuma suke ɗaukar kusan dukan nauyin.

Mene Ne Ainihin Aikin Dabbar Jagora?

Mutane da yawa suna zaton makaho yakan faɗa wa kare sunan wuri, kare kuma ya kai shi. Lamarin ba haka yake ba. Makahon ne yake riƙe da taswirar gari a cikin kansa, shi ne yake ƙidaya mararrabar da aka wuce, shi ne yake ba da umarnin a yi gaba, ko dama, ko hagu. Kare ba ya karanta fitilar ba da hannu. Makahon ne yake sauraron motsin motoci da kunnensa, ya yanke shawarar lokacin tsallaka titi. Dabbar tana sanye da ɗamara mai mariƙi mai ƙarfi, ta wannan mariƙi ne makaho yake jin duk motsin da ta yi.

Aikin dabbar guda huɗu ne. Na farko, ta yi tafiya miƙe, ta kauce wa rami da turke da abin da aka ajiye a hanya, tana barin filin da zai ishe ta da maigidanta. Na biyu, ta tsaya cik a bakin titi da gindin matakala, har sai an ba ta umarni. Na uku, ta lura da abin da yake sama da kanta amma daidai da fuskar mutum, kamar reshen itace ko allon talla. Na huɗu, wanda ya fi sauran wuya, shi ne ta ƙi bin umarni idan bin sa zai jawo halaka. Idan makaho ya ce a tsallaka alhali kuwa ga mota tafe wadda bai ji ba, wajibi ne dabbar ta toge, ko ma ta ja shi baya.

Bisa ga haka, duk dabbar da za a ɗora wa wannan amana sai ta cika sharuɗɗa kamar haka:

1. Tsawonta ya kai yadda mutum zai riƙe mariƙin yana tafe a miƙe, amma kada ta yi girman da zai hana ta shiga mota ko ofis.
2. Ta zama mai son zama da ɗan Adam, mai neman yardarsa.
3. Kada ƙara ko taron jama'a ko wata dabba su firgita ta.
4. Ta iya riƙe fitsari da kashi har a kai ta inda aka tanada.
5. Ta iya zama shiru na sa'o'i a gefen maigidanta.
6. Ta yi tsawon ran da zai biya wahalar horonta.

Ƙaramin Doki

Akwai wani irin doki da aka daɗe ana kiwonsa a Turai da Amurka saboda ƙanƙantarsa. Tsawon wanda ake sa wa aiki daga ƙasa zuwa kafaɗa yana tsakanin inci 24 da 34, watau santimita 61 zuwa 86, nauyinsa kuma kilo 32 zuwa 45. Ko ƙuru irin na tsaunukan Filato ya fi shi girma nesa ba kusa ba. A shekarar 1999 Janet Burleson da mijinta Don suka kafa wata gidauniya mai suna Guide Horse Foundation a jihar Karolina ta Arewa domin horar da irin waɗannan dawaki, a 2001 kuma suka miƙa wa wani makaho goɗiyarsu ta farko.

A 2009 jaridun Amurka sun ba da labarin wata makauniya Musulma a jihar Mishigan, wadda iyayenta ba su yarda a shigo da kare cikin gida ba. Ta sayi ƙaramar goɗiya, aka horar mata da ita, ta riƙa shiga motar haya da ita zuwa wurin aiki, daga baya har ta tafi jami'a tare da ita domin ƙaro ilmi. Wannan ya tabbatar da cewa doki yana iya aikin.

Doki yana da fifiko a kan kare ta fuska uku. Yakan rayu shekara 25 zuwa 35, saboda haka doki ɗaya zai iya yin aikin da sai an sauya kare uku ko huɗu kafin a yi shi. Idanunsa suna gefen kansa ne, yana ganin kusan duk abin da yake kewaye da shi, ban da ɗan wuri kaɗan a gaban goshinsa da kuma bayan wutsiyarsa. Har ila yau yana da ƙarfin da mai raunin ƙafa zai iya dogara a kansa.

Amma illolinsa ma ba kaɗan ba ne. Doki dabba ce da namun daji suke farauta, saboda haka halittarsa ita ce ya zabura da gudu idan ya firgita, zabura ɗaya kuwa a tsakiyar titi ta isa ta halaka mutum. Cikinsa yana buƙatar ciyawa kaɗan kaɗan dukan yini, don haka yana yawan kashi. Ba ya iya naɗewa ƙarƙashin tebur ko kujerar mota kamar yadda kare yake yi. Kofatonsa yana santsi a kan daɓen zamani, sai an sa masa takalma. Yana buƙatar barga da fili da ingirici da mai gyaran kofato, abubuwan da mai zaman ɗakin haya a birni ba shi da su. A 2018 an soma horar da wani ƙaramin doki a Ingila domin wani ɗan jarida makaho mai tsoron karnuka, amma dokin ya ci gaba da girma har ya wuce tsawon da zai shiga ofis da kanti, dole aka fasa ba shi. Saboda irin waɗannan dalilai, ƙungiyoyin makafi masu amfani da karnuka a Amurka sun nuna rashin gamsuwarsu da dokin jagora tun farkon fitowarsa.

Dokar Amurka ta bi tsaka-tsaki. Ƙa'idojin da Ma'aikatar Shari'ar ƙasar ta fitar a 2010, waɗanda suka soma aiki ran 15 ga Maris 2011, sun ce kare kaɗai ne dabbar hidima a idon doka. Amma an yi wa ƙaramin doki tanadi na musamman: a bar shi ya shiga wuraren jama'a idan ya iya riƙe kashi da fitsari, idan maigidansa yana iya sarrafa shi, idan wurin zai ɗauki girmansa da nauyinsa, kuma idan shigarsa ba za ta jawo haɗari ba. Daga farkon 2021 kuma kamfanonin jiragen saman ƙasar ba su da tilas su ɗauki wata dabbar hidima sai kare.

Jaki Da Akuya Da Biri Da Sauransu

Duk wanda ya tashi a karkara zai tuna da jaki. Jaki yana da haƙuri, ba ya yawan zabura kamar doki, yana gane hanyar gida daga gona ko daga kasuwa ba tare da an nuna masa ba. Amma gane hanya guda wadda aka saba bi daban take da yi wa mutum jagora a cikin birni. Jaki yana kauce wa rami ne domin kansa, ba ya lissafin faɗin mutumin da yake gefensa, ba ya kuma kula da reshen da zai bugi fuskar mai binsa. Girmansa ma ya hana shi shiga mota ko asibiti ko banki.

Akuya da tunkiya hankalinsu yana ga abinci da garke, duk inda suka ga ganye can za su nufa. Kyanwa da tsuntsu kuwa, ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza: ba su da jikin da za a ɗaura wa mariƙi. Raƙumi da sa sun yi girma da yawa.

Wannan ba ya nufin sauran dabbobi ba su horuwa. Tun daga 1979 wata ƙungiya a birnin Boston ta yi shekaru tana horar da ƙananan birai domin su taimaki mutanen da hannuwansu da ƙafafunsu suka shanye, suna ɗauko musu abin da ya faɗi, suna kunna musu fitila. A garin Morogoro na Tanzaniya kuma ƙungiyar APOPO tana horar da gafiya ta sansano nakiyar da aka binne a ƙasa, ta kuma gano tarin fuka a cikin majinar majiyyata. Waɗannan ayyuka ne na hannu da na hanci, ana yin su a wuri guda, kuskure a cikinsu kuma ana iya gyara shi. Jagora a titi kuwa kuskure ɗaya ne rak. Shi ya sa makarantun da suke cikin Tarayyar Makarantun Karnukan Jagora ta Duniya, wadda aka kafa a 1989, karnuka suke horarwa.

Lalle ne a gargaɗi jama'a: kada kowa ya ɗaura wa makaho igiyar jaki, ko ta akuya, ko ta karen gida wanda ba a horar ba, da sunan jagora. Kada kuma a ba kowa kuɗi don ya yi alkawarin horar da dabba cikin 'yan kwanaki.

Kare Da Addini

Da yake ƙyamar kare ce tushen tambayar, ya dace a san cewa malamai sun yi bayani a kanta. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin ƙasar nan suke bi, jikin kowace dabba mai rai mai tsarki ne, har da kare, ko da yake an yi umarni a wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Mazhabar Shafi'iyya da ta Hambaliyya sun fi tsanantawa, suna ɗaukarsa najasa. Malamai kuma sun halatta ajiye kare domin farauta da kiwo da tsaron gona. A 2008 wata majalisar malaman shari'a a Ingila ta ba da fatawa wadda ta ba wani saurayi makaho damar zuwa masallaci a birnin Lesta da karensa, aka tanadar wa karen wurin jira a waje da inda ake salla. Wanda wannan al'amari ya shafa sai ya nemi bayani wurin malaman da ya amince da su.

Halin Da Ake Ciki A Abuja Da Sauran Birane

Ko da an kawar da maganar ƙyama, akwai abubuwan da za su wahalar da kowace dabbar jagora a nan. Abuja, wadda ta zama mazaunin Gwamnatin Tarayya ran 12 ga Disamba 1991, birni ne mai manyan tituna masu faɗi inda motoci suke gudu ƙwarai. An horar da dabbar jagora ne ta bi gefen titi na masu tafiya a ƙasa, ta tsaya a bakin kwalta. Inda aka ajiye motoci ko aka baza kaya a wannan gefe, ko aka sace murfin kwalbati, ko inda babu gefen ma sam, horon ba zai yi amfani sosai ba. Zafin kwalta a watan Maris da Afrilu yana ƙona tafin kare. Karnukan da suke yawo sakaka suna iya far masa, ga kuma haɗarin ciwon haukan kare, wanda sai an riƙa yi masa allurar rigakafi irin wadda ake yi a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da take Vom. Ƙaramin doki kuwa sai an shigo da shi daga waje, kuma ciwon sammore da ƙudan tsando yake kawowa ya daɗe yana kashe dawaki a tsakiyar ƙasar nan da kudancinta.

Farar Sanda

Ko a ƙasashen da suke da makarantun karnuka, makafin da suke amfani da kare kaɗan ne, mafi yawa da farar sanda suke tafiya. Makarantun ma ba su ba mutum kare sai ya riga ya iya tafiya shi kaɗai da sanda. Richard Hoover ne ya tsara dabarar amfani da doguwar sanda a 1944, a wani asibitin soja na Amurka. Sandar marar nauyi ce, tsawonta daga ƙasa zuwa ƙirji. Mai ita yana kaɗa ta dama da hagu daidai faɗin kafaɗunsa, bakinta yana taɓa inda ƙafarsa za ta sauka kafin ta sauka. Da haka yake gane rami da matakala da bakin titi. Farin launinta kuma sanarwa ce ga direbobi. Gazawarta ita ce ba ta gano abin da yake rataye sama da ƙugu, amma ba ta ci, ba ta ciwo, kuma kuɗinta kaɗan ne. Ana tunawa da ita ran 15 ga Oktoba kowace shekara.

Ana koyar da wannan dabara a makarantun makafi. Ta farko a ƙasar nan ita ce ta Gindiri a Jihar Filato, wadda aka buɗe a 1953. A Abuja akwai Makarantar Makafi ta Jabi, a Kano akwai makarantar Tudun Maliki, malamai kuma ana horar da su a Jami'ar Jos da Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Musamman da take Oyo.

Abin Da Ake Buƙata Daga Jama'a

A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Hana Nuna Bambanci Ga Naƙasassu, a 2020 kuma aka kafa Hukumar Kula Da Naƙasassu Ta Ƙasa mai hedkwata a Abuja. Dokar ta wajabta a gyara gine-ginen jama'a da gefen titi da wuraren tsallakawa yadda naƙasassu za su iya amfani da su, wa'adin shekara 5 da ta bayar kuma ya cika a Janairu 2024. Ta haramta amfani da naƙasasshe wajen bara. Mutumin da ya nuna wa naƙasasshe bambanci zai biya tarar naira 100,000, ko ya yi wata 6 a kurkuku, ko duka biyu, kamfani kuwa naira 1,000,000. Domin dokar ta yi amfani, ana kira ga jama'a kamar haka:

1. Iyalin makaho su kai shi ya koyi farar sanda, su mai da ɗan jagora makaranta.
2. Sarakunan makafi da masu unguwanni su taimaka wajen haɗa jama'arsu da malaman da suke koyar da ita.
3. Direbobi da masu babur su rage gudu, su tsaya, duk lokacin da suka ga mai farar sanda a bakin titi.
4. Kada a ajiye mota ko a baza kaya a gefen titi na masu tafiya a ƙasa. Wanda ya ga kwalbati a buɗe ya sanar da hukuma.
5. Mai son taimakon makaho ya yi masa sallama, ya tambaye shi tukuna. In ya yarda, a bar shi ya riƙe hannun mai taimakon sama da gwiwar hannu, kada a ja sandarsa.
6. Idan an ga baƙo da karen jagora sanye da ɗamara, kada a jefe shi, kada a kira shi, kada a ba shi abinci, domin yana bakin aiki ne.

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Binciken da aka ambata a baya ya nuna cewa kashi 84 cikin 100 na makantar da aka samu ana iya hana ta ko warkar da ita, yanar ido kaɗai ita ce sanadin kashi 43 cikin 100, ana kuwa cire ta da ɗan gajeren aiki. A Janairu 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Jamhuriyar Nijar ta kawar da makantar ƙudan bakin rafi, ita ce ta farko a Afirka. Saboda haka duk wanda ganinsa ya soma raguwa, ya hanzarta zuwa asibitin ido mafi kusa, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da take Kaduna ko Asibitin Ido na ECWA da yake Kano, kada ya bari a kwantar masa da yana a gida. Wanda kuma likita ya tabbatar ganinsa ba zai dawo ba, sai iyalinsa su kai shi inda zai koyi farar sanda tun da wuri.